HALI KE RIƘE KANTI, BA HAIHUWA BA

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raba halaye tsakanin bayinSa kamar yadda Ya raba musu arziki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda mutanen Makka suka san shi da amana a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi Musulmi, darasinmu na wannan karo a kan wani abu ne da ke faruwa a gabanmu kullum. Shiga Kasuwar Kurmi ko Kantin Kwari a Kano, ka zauna da dattawan wurin, za su lissafa maka attajiran da aka yi masu sito da motoci da yara, waɗanda yau ko allon sunansu babu. Ba gobara ce ta ci su ba, ba ɓarayi ba. Maigida ne ya rasu, bayan 'yan shekaru aka sayar da motoci, aka bi da sito, aka ƙare da gidan gado a gaban alƙali. Sai ka ji jahilai suna cewa wai asiri aka yi wa gidan, a kwashi ɗan abin da ya rage a kai wa boka, a haɗa talauci da shirka. Alhali kuwa, bayan ƙaddarar Allah, sababin yana nan a fili: an damƙa ragamar kasuwancin ga wanda halinsa ba zai iya riƙe ta ba.

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a shekarar 1406, ya lura a cikin Muƙaddimarsa cewa ɗaukakar gida galibi ba ta wuce mutum huɗu. Na farko shi ya gina, ya san wahalar ginin. Ɗansa ya gani da idonsa, ya koya a hannunsa. Jika kwaikwayo kawai yake yi. Na huɗu kuwa yana zaton ɗaukakar a jininsu take, sai ya rusa. To, ka lura, jinin bai canja ba daga na farko zuwa na huɗu. Hali ne ya canja.

MAS'ALA TA FARKO: GADON DUKIYA DABAN, RIƘON RAGAMA DABAN

Ka sani, rabon dukiyar mamaci Allah bai bar shi a hannun kowa ba. Ya yanke shi da kanSa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Bayan an yi wa mamaci sutura, an biya bashinsa, an zartar da wasiyyarsa wadda ba ta wuce sulusi ba, sauran na magada ne. Ɗan fari da auta rabonsu ɗaya. Mai hankali da sakarai rabonsu ɗaya. Ɗan uwargida da ɗan amarya rabonsu ɗaya. 'Ya mace tana da nata, matan mamaci suna da tumuninsu. A nan babu zancen hali ko cancanta.

Amma wa zai zauna a kanti? Wa zai riƙe makullin sito, ya sa hannu a takardar banki, ya ce a sayo wannan a bar wancan? Wannan ba ya cikin abin da ake gada. Wannan wakilci ne, amana ce, aiki ne da masu dukiya ke ɗora wa mutum ɗaya. Wanda aka ɗora wa bai zama mai dukiyar ba, wanda ba a ɗora wa ba kuma bai rasa ko kwabo daga rabonsa ba. Yawancin rigimar gidajen 'yan kasuwa daga cuɗa waɗannan abubuwa biyu take tasowa. Babban wa ya ga tunda shi ke zaune a kujerar baba, to dukiyar ma tasa ce. Ƙani kuma ya ga tunda yana da rabo, to dole a ba shi makulli. Dukansu sun kuskure.

MAS'ALA TA BIYU: HALAYEN DA AKE NEMA GA MAGAJI

Alƙur'ani ya tara su a cikin abu biyu. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, hujjarta kuwa ita ce yana da ƙarfi kuma amintacce ne. A Suratu Yusuf, aya ta 55, da Annabi Yusuf ya nemi a sa shi a kan taskokin Masar, tsarewa da sani ya ambata. Watau iyawa da amana. Ɗaya ba ta wadatarwa ba tare da ɗayar ba.

Samari da yawa suna zaton da zarar mutum mai ibada ne, shi ke nan ya cancanci kowane shugabanci. Ba haka ba ne. Imam Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarrin, Allah Ya yarda da shi, ya roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi muƙami. Sai ya dafa kafaɗarsa, ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, abin kuwa amana ne da zai zama nadama ranar Ƙiyama ga wanda bai sauke shi ba. Wa ya kai Abu Zarrin gaskiya da gudun duniya? Amma halinsa ba na jan ragamar jama'a ba ne, kuma wannan bai rage masa daraja ba ko kaɗan. Haka nan za ka sami ɗan attajiri wanda ba ya rasa sahun farko, amma ba ya iya ce wa kowa a'a. Kowa ya zo da hawaye ya ɗauki kaya bashi, babu rubutu, babu wa'adi. Irin wannan mutumin kirki ne, amma idan ka ba shi kanti, uwar kuɗin za ta narke a hannun mutane, dukiyar marayu kuwa ba a sadaka da ita.

Ɗaya ɓangaren ya fi muni: mai wayo, mai kaifin lissafi, mai zaƙin baki, amma babu tsoron Allah. Wannan kasuwa za ta bunƙasa a hannunsa, sai dai 'yan'uwansa ba za su taɓa ganin littafin lissafi ba. Ya tuna da aya ta 10 ta Suratun Nisa'i, wadda ta yi wa masu cin dukiyar marayu alkawarin wuta.

In kana son ka ga inda halayen biyu suka haɗu, duba Abdullahi ɗan Zubairu. Imam Bukhari ya kawo cewa a ranar Yaƙin Raƙumi, shekara ta 36 bayan Hijira, Zubairu ɗan Awwam, Allah Ya yarda da shi, ya kira ɗansa Abdullahi ya yi masa wasiyya, babbar damuwarsa kuwa bashi ne. Dalilin bashin shi ne, idan mutum ya kawo masa ajiya, sai ya ce a mai da ita rance, don idan ta salwanta ya zama wajibinsa ne ya biya. Da aka lissafa sai aka sami 2,200,000 a kansa, bai kuwa bar tsabar kuɗi ba sai filaye da gidaje a Madina da Basra da Kufa da Masar. Abdullahi bai ruɗe ya yi gwanjonsu ba. Filin Gaba, wanda mahaifinsa ya saya a kan 170,000, sai ya yanka shi kashi-kashi ya sayar a kan 1,600,000. Wannan shi ne ƙarfi. Da ya gama biyan waɗanda aka sani, magada suka ce a raba musu. Ya rantse ba zai raba ba sai ya shekara huɗu yana shela a lokacin aikin Hajji, ko akwai mai bin Zubairu bashi. Haka ya yi, sa'an nan ya raba. Wannan ita ce amana. Ka duba kuma ka ga wani hali na uku: jure wa matsin 'yan'uwa har shekara huɗu ba tare da ya karkace ba.

Saboda haka, in ana duba magaji, ba a tambayar wa ya fi iya magana a taro. Tambayoyin su ne: In an aike shi da kuɗi, yana dawowa da canji da lissafi ba sai an tambaye shi ba? In ya ce gobe, goben ce? In ya fusata, yana yanke hukunci nan take, ko yana bari ya huce? In ya yi asara, yana faɗa ko yana ɓoyewa? In tsohon yaron babansa ya gyara masa kuskure, yana karɓa, ko sai ya ce kai waye? In ya sami riba, jari yake ƙarawa ko mota yake canjawa?

MAS'ALA TA UKU: SHIN DOLE NE ƊAN FARI?

Girmama babban wa addini ne, ba mu musun wannan. Ka gaishe shi, ka ba shi wuri, kada ka ɗaga masa murya. Amma cewa lalle shi zai riƙe kasuwanci don kawai ya riga kowa zuwa duniya, wannan al'ada ce, ba aya ba ce, ba hadisi ba ne. Abdullahi ɗan Zubairu shi ne babba a ɗiyan mahaifinsa, amma halinsa ne ya sauke nauyin, ba shekarunsa ba. A Suratul Baƙara, aya ta 247, da Banu Isra'ila suka ƙi Ɗalutu don suna ganin sun fi shi cancantar mulki kuma ba shi da dukiya, aka ba su amsa da cewa an fifita shi da ilmi da ƙarfin jiki.

Masana tattalin arziki ma binciken da suka yi nan ya kai su. A shekarar 2007, Nicholas Bloom da John Van Reenen sun wallafa nazarin da suka yi a kan masana'antu 732 a Amurka da Ingila da Faransa da Jamus. Daga cikin abin da suka gano, kamfanonin iyali da ke miƙa shugabanci ga ɗan fari namiji a matsayin ƙa'ida suna daga cikin mafi rauni wajen tsarin gudanarwa. Dalilin a bayyane yake. An rufe ƙofa ga sauran, shi kuma wanda ya san kujera tasa ce tun yana goye, me zai sa ya wahalar da kansa?

Ga misali daga gida. Alhaji Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya tashi a fataucin goro, ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano, har ana lissafa shi mafi arziki a Afirka ta Yamma a zamaninsa. Da ciwo ya tsananta masa a 1955, sai ya tara 'ya'yansa da mai kula da lissafin kuɗinsa, ya yi musu wasicin su zauna tare, kada su bari kamfanin ya rushe, su kula da 'yan'uwa matalauta. Ya rasu ran 17 ga Agusta na shekarar. Ɗansa Ahmadu ya ja ragamar kamfanin har ya rasu a 1960. Daga nan sai ta koma hannun Aminu, wanda aka haifa a 1931, watau bai cika talatin ba, ga kuwa yayyensa da rai, cikinsu har da Alhaji Sanusi wanda ke da nasa babban kasuwancin. Amma ba daga ɗaka aka ɗauko Aminu ba. Tun 1948 ya shiga aikin gidan yana sayen amfanin gona, aka tura shi ya kula da harkar kamfanin a yankin Sakkwato, a 1958 ya zama mataimakin Ahmadu. Shekara goma sha biyu ana ganin kamun ludayinsa. Ya rayu yana cikin manyan attajiran ƙasar nan har Allah Ya karɓi ransa a 2025, aka binne shi a Madina. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya.

MAS'ALA TA HUƊU: HALIN UBA

Ba magaji kaɗai ake dubawa ba. Sau da yawa halin da ya tara dukiyar, watau taurin kai da rashin yarda da kowa, shi ne ke hana ta wucewa lafiya zuwa hannu na biyu. Iyaye a nan iri uku ne.

Akwai wanda ba ya iya saki. Henry Ford na Amurka ya kafa kamfanin motocinsa a 1903. A 1919 ya naɗa tilon ɗansa Edsel shugaba, amma a suna kawai. Ɗan ya yanke shawara, uban ya warware. Ɗan yana ta roƙon a sabunta motarsu samfurin T don masu saye sun fara komawa wajen abokan gasa, uban ya ƙi har sai 1927. Edsel ya mutu a 1943 yana da shekara 49, tsohon ya koma kujera yana dab da tamanin, kamfanin ya shiga asara, sai a 1945 jikansa mai shekara 28 ya karɓa ya farfaɗo da shi. To, attajirai nawa muke da su masu 'ya'ya da furfura a gemu, amma ba su san wa ke bin babansu bashi ba, ba su san wa yake bi ba?

Akwai wanda ke tsoron zancen mutuwa, sai ya yi shiru. Dhirubhai Ambani, wanda ya kafa kamfanin Reliance a Indiya, ya mutu a 2002 bai bar wasiyya ba. 'Ya'yansa biyu maza, Mukesh da Anil, suka shiga jayayya a idon duniya, har a 2005 mahaifiyarsu ta shiga tsakani aka raba kamfanin. A 2008 mujallar Forbes ta ƙiyasta dukiyar Anil a kan dala biliyan 42. Kamfanoninsa suka ɗebo bashi mai nauyi, kasuwar wayar salula ta juya, a 2020 aka gaya wa wata kotu a Landan cewa in an cire bashinsa ba shi da komai. Ɓangaren wan nasa kuwa ya ci gaba da haɓaka. Uwa ɗaya, uba ɗaya, kowa an ba shi rabo mai tsoka. Musulmi ba shi da uzuri a nan, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori mai abin da zai yi wasiyya a kansa da kada ya kwana biyu sai tana rubuce a wurinsa. Ba a wasiyyar dukiya ga magaji, amma uba yana iya rubuta bashinsa da ajiyar mutane, ya ambaci wasiyyin ƙananan 'ya'yansa, ya faɗi wanda yake ganin ya dace da kanti a gaban shaidu.

Akwai kuma wanda son zuciya ke zaɓa masa: ɗan mowa, ko wanda ya fi kama da shi, ko wanda ba ya taɓa yi masa gardama. Har ya kai ga mallaka masa kanti ko gida a ɓoye. Bashir, mahaifin Nu'umanu, ya yi wa ɗansa kyauta shi kaɗai ya nemi Annabi ya shaida, Annabi ya ƙi, ya umurce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. Ka kwatanta da Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi. Da aka soke shi a shekara ta 23 bayan Hijira, ya bar al'amarin shawara tsakanin mutum shida, ya ce ɗansa Abdullahi ya halarta amma ba shi da rabo a shugabancin, duk da ilmi da taƙawar Abdullahi. Kasuwanci ba halifanci ba ne, amma darasin ɗaya ne: soyayyar uba ba ita ce ma'auni ba.

MAS'ALA TA BIYAR: HALIN WAƊANDA BA A ZAƁA BA

Wataƙila kai mai karatu ba kai za a ba ba. To, nan ne taka jarrabawar take. 'Yan'ubanci ya rusa gidajen da asara ba ta iya rusawa ba. Kada ka zama mai kai gulma ɗakin mahaifiyarka, mai ɗibar kaya a sito da sunan ai namu ne. Haƙƙinka shi ne ka san rabonka, ka ga lissafi a lokacin da aka yi alkawari, ka karɓi ribarka, in kuma kana son a cire maka naka ka kama gabanka, shari'a ta ba ka. Abin da ba haƙƙinka ba shi ne makulli. Annabi ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci, ya sanar da shi cewa wanda ya nema ana barinsa da shi, wanda aka ba shi ba da nema ba ana taimakonsa.

In kuwa kai aka ba, to ka sa a yanka maka albashi sananne ko kaso sananne, a rubuta. Ka raba aljihunka da akwatin kanti. Ka tara magada, har da mata, ka karanta musu lissafi a kai a kai, ka fitar da zakka. Kada ka kori tsofaffin yaran mahaifinka don ka kawo abokanka.

KAMMALAWA: SHIN HALI YANA GYARUWA?

Hausawa na cewa hali zanen dutse. Akwai gaskiya a ciki, domin Annabi ya yabi Ashajju na Abdul Ƙaisi da haƙuri da natsuwa, kuma ya zo a ruwaya cewa Allah ne Ya halicce shi a kansu. Wani an halicce shi da sanyi, wani da zafi, wani da son jama'a, wani da son littafi. Kada a tilasta wa mai son karatu zaman kanti, a yi asarar malami kuma a yi asarar kanti. Amma cika alkawari, da rubuta bashi kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umurni, da tashi da wuri, da kame hannu, duk waɗannan koyonsu ake yi. Shi ya sa aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta ce a riƙa jarraba marayu, ba a miƙa musu dukiyarsu sai an ga shiriya a tare da su. In dukiyar mutum ta kansa sai an gwada shi, ina ga ta mutum ashirin?

Don haka ya ɗan'uwa, tun mahaifinka yana da rai ka je kanti. Ka fara daga shara da ɗaukar kaya, ka koyi awo, ka koyi rubutun shiga da fita, ka san abokan cinikinsa. Ka nemi ɗan ƙaramin jari ka juya, ka kawo lissafi ko riba ko asara. Ka karanta babin ciniki da na tarayya da na gado a gaban malami. In ka ga lokacin da ya dace, ka roƙi mahaifinka cikin ladabi ya rubuta abin da ke kansa da abin da yake bi, wannan ba fatan mutuwa ba ne, bin sunna ne. In kuma ka auna kanka ka ga ƙaninka ya fi ka iyawa, ka faɗa da bakinka, ka mara masa baya. Ba ka ragu da komai ba.

Allah Ya gyara halayenmu, Ya sanya albarka a dukiyar iyayenmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin marayu da yanke zumunta. Allah Ya sa mu dace duniya da Lahira, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.